Ƙafa a Ƙarƙashin Dutse

Kwana biyu ke nan Lum Gat yana tsugune gaban ƙafar yayansa. Ƙafar kaɗai ake gani, daga idon sawu zuwa ƙasa, cikin takalmin fata irin wanda kowane lebura yake sawa. Sauran jikin yana ƙarƙashin wani falalen dutse da ya ɓallo daga rufin rami, girmansa ya kai ɗakin kwana. Gat ya soka turaren tsinke uku a cikin tsakuwa, ya ajiye ƙoƙon shinkafa da kofin shayi kusa da dunduniyar. In shayin ya huce sai ya zubar, ya roƙi a kawo mai zafi.

A hunturun shekarar 1867 ne, can saman tsaunukan Sierra na Amurka, inda Turawa suka rantse sai jirgin ƙasa ya ratsa ta cikin dutse tun da ya kasa hawa kansa. Su ne da rantsuwa, mutanenmu na Kanton ta ƙasar Sin ne da cikawa. Ana huda tsaunin daga gabas, ana huda shi daga yamma, an kuma haƙa rijiya daga samansa har tsakiya don wasu su sauka su riƙa cin sa ta ciki. Dutsen kuwa ɗan taurin kai ne. Mutum ɗaya ya riƙe ƙarfen huda, biyu su yi ta dukansa da guduma, bayan kowane duka mai riƙo ya ɗan juya shi, a wuni a kwana da ƙyar a ci kamu ɗaya. Sai bana da aka zo da man nakiya, wani ruwa mai kama da man gyaɗa wanda girgiza kaɗan take tayar da shi, aka fara cin kamu biyu. Gawa ma ta ƙaru.

Sek, yayan Gat, shi ne mai gwada rufi. Duk aka fasa nakiya hayaƙi ya lafa, shi yake fara shiga da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa sama, yana kasa kunne. Dutse mai lafiya yana amsawa da ƙara, mai ciwo kuwa muryarsa ta tulun da ya tsage ce. Ranar Talata da safe, daidai lokacin da wata ƙungiya ta tashi wata za ta kama, ya shiga da sandarsa. Ba a daɗe ba aka ji dim! Da ƙura ta kwanta, ga falale, ga ƙafa.

Ba mutuwar ce ta hana Gat ci da barci ba, duk wanda ya hau tsaunin nan ya san da ita. Ƙasusuwa ne. Wanda ya mutu a ƙasar nan sama-sama ake binne shi, da bulo mai ɗauke da sunansa da na ƙauyensu. Bayan 'yan shekaru a tono, a kankare ƙasusuwan, a jera su a akwati, jirgin ruwa ya mayar da su gida. Can za a kwantar da shi a tudun kakanninsa, duk bazara a share kabarin, a zuba masa shayi, a ajiye masa shinkafa. Wanda ƙashinsa bai koma ba kuwa ya zama fatalwa mai yunwa ke nan, yana gararamba cikin ƙanƙarar ƙasar da ko yarenta ba ya ji. Ranar da za su taso, tsohuwarsu ta kama kunnen Gat, shi da gemunsa, ta ce, "Ku biyu na ba teku. Ku biyu nake so, ko da ƙafa ko a akwati."

Baturen da ke kan aikin, wanda muke kira Jan Gemu, ba ruwansa da akwati. Falalen ya tare hanya, kwana biyu ba a taɓa fuskar rami ba, su kuma na ɓangaren gabas suna ta matsowa ana ce musu sannu da ƙoƙari. Abin da yake so bai da wuya: a huda falalen wuri uku, a zuba mai, a mayar da shi tsakuwa, a kwashe a baro a juye a kwarin da ake cikewa don shimfiɗa layin dogo. Sek kuma ya tafi cikin tsakuwar.

Ranar Alhamis da safe ya shigo da ƙotar diga a hannu. Yarenmu da ya iya bai fi cikin cokali ba, rabinsa kuma zagi ne, amma ya ishe shi aiki.

"Tashi. Huda. Uku."

Gat ya ce, "Ranka ya daɗe, yayana ne a ƙasa."

"Ya mutu."

"Na san ya mutu. Ai da yana da rai da kansa zai fito ya yi maka magana. Ka ba mu kwana ɗaya mu..."

Bai ƙarasa ba ƙotar ta same shi a gefen kai. Ya kife kan ƙoƙon shinkafar, kunnensa ya fashe, jini ya bi wuyansa ya shiga riga. Ya tashi ya koma ya tsuguna inda yake. Jan Gemu ya ƙara masa a gadon baya, ya ƙara a haƙarƙari, sannan ya juya ga sauran mutum goma sha ɗaya na ƙungiyar, ya nuna musu guduma. Duk suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Ba jarumtaka ba ce. Kowa dai ya san gobe yana iya zama shi ne a ƙarƙashin dutse, kuma abin da ya yi wa Sek shi za a yi masa.

Jan Gemu ya tofa yawu ya fita. Kafin a sha kofin shayi ya dawo da leburori 'yan ƙabilar Hakka.

Nan ne za ka san Baturen nan ba wawa ba ne. Mu Punti, 'yan asalin Kanton, da Hakka da suka zo daga baya, mun shekara goma muna yanka juna a gida a kan gona da ruwa. Hakka ne suka sare uban Gat a bakin gada, suka jefa kansa a kogi. Mu kuma muka bi ƙauyukansu da wuta, har ba a bar ko akurkin kaji ba. Aka tsallako teku, gabar ta biyo mu a cikin ƙunshin kaya. Shi ya sa aka raba mu: in mun kama sun tashi, in sun kama mun tashi, a bakin rami mu wuce juna kowa na tofar da yawu.

Helumansu, Chu Lit, shi ne a gaba, wani gajere mai faɗin ƙirji, wuyansa da kansa kauri ɗaya. Kwanan nan ransa a ɓace yake, don ƙanensa Hin ya ɓace tun Talata. Ba wanda ya yi mamaki. Wata guda Hin yana cika baki zai gudu ma'adinan azurfa na Nevada, sai kowa ya ce ya cika maganarsa, ya tafi ko sallama bai yi wa yayansa ba.

Lit ya ce, "Ku ba mu wuri, 'yan gida. An ce hannuwanku sun yi laushi."

Wani daga cikinmu ya ce, "Ka ji baƙin haure! Ku da ba ku da ƙasar binne uwayenku, me kuka sani game da gawa?"

"Wa ya ƙone ƙasar, ɗan karya?"

"Da ma mun haɗa da kai!"

Ban san wanda ya fara jifa ba. Kyandir biyu suka faɗi suka mutu, wurin ya koma rabin duhu, mutum ashirin da wani abu suka kaure a rami mai faɗin taku goma sha shida. Ƙarfen huda tsawonsa ya kai ƙugu, bakinsa kuma an wasa shi don cin dutse, to ka ƙiyasta abin da zai yi wa mutum. Wani ya samu a kumatu, ya fito ta ɗaya gefen. Wani aka danne shi ana buga goshinsa a kan layin baro har ya daina motsi. Ana kama jelar gashi ana naɗewa a hannu ana ja, ana cizo, ana zagin iyaye da yare biyu. Jan Gemu ya jingina da ginshiƙin katako yana kallo, da ya ga Hakka sun fi yawa sun tura mu baya, sai ya ɗaga yatsu uku ya ce wa Lit da azahar zai dawo da mai. Ya fita abinsa.

Gat bai bar gaban falalen ba. Da Lit ya iso gare shi, sai Gat ya ɗauki wani dunƙulen dutse ya kai masa a baki da dukan ƙarfinsa. Haƙora biyu suka yi tsalle. Lit ya rungume shi ya ɗaga ya maka da ƙasa, ya hau ruwan cikinsa, ya sa hannu biyu ya shaƙe shi, jinin bakinsa yana ɗiga a idon Gat. Gat ya ji rufin rami yana nisa, ya ji hannuwansa sun daina jin maganarsa. A ransa ya ce shi ke nan, tsohuwa ta rasa biyu.

Sai hannun ya saki.

Lit ba shi yake kallo ba. Fuskarsa tana daf da ƙasa, kusa da turaren da aka tattake, yana kallon ƙafar. Ya daɗe yana kallo. Ya sauka daga kan Gat, ya jawo guntun kyandir ya matsa da shi, ya sa babban yatsa ya goge ƙurar da ke gefen takalmin.

Gat ya ce da muryar da ta rage masa, "Ka taɓa shi na kashe ka."

Lit ya miƙe ya daka tsawa da yarensu. Sau uku ya yi kafin mutanensa su ji, ɗaya ma sai da ya fizge shi ta wuya daga kan wanda yake duka. Wurin ya yi tsit, ban da nishi da tari.

Ya ce, "Ba za a zuba mai a dutsen nan ba."

Wani nasa ya ce, "Yaya, Bature ya ce..."

"Bature ne ya haife ka? Ku kawo min ƙarafan tsaga, duk wanda ke cikin akwatin maƙeri." Ya juya ga Gat, maganarsa tana fita da iska ta gurbin haƙoran. "Kai, mai dutse. A ƙauyenmu mu masu fasa dutse ne tun kaka da kakanni, ba da albarushi ba. Ka ga jijiyar nan da ta ratsa falalen? Huda goma sha biyu a jere a kanta, kowace zurfin tafin hannu biyu. A sa ƙarfe a kowace, a bi su da duka ɗaya bayan ɗaya. Zai rabe biyu, mu ɗaga rabin nan da sanduna. Kafin azahar, in ba a tsaya surutu ba."

"Don me?"

"Kana son yayanka ko kana son hira?"

Aka jera ƙungiya huɗu a kan falalen, da waɗanda suka rage da hannun aiki. Ba su isa a ware ba, dole aka cakuɗa. Mai riƙe wa Lit ƙarfe yana kwance can gefe da karyayyen hannu. Lit ya ɗauki ƙarfen ya miƙa wa Gat.

Wanda bai taɓa riƙe ƙarfen huda ba ba zai gane abin da aka miƙa masa ba. Kana durƙushe, hannuwanka biyu a kan ƙarfe, kansa bai fi faɗin kwabo ba, wani ƙato yana sauko da guduma a kai daga bayan ƙeyarsa. Ya kauce da faɗin yatsa, hannunka ya zama nama. Shi ya sa mai riƙo ba ya durƙusa wa kowa sai ɗan'uwa ko amini. Shekara biyu Gat bai riƙe wa kowa ba sai 'yan ƙauyensu. Yanzu ga mutumin da ya zubar wa haƙora, jinin bai ko bushe ba, yana tofa yawu a tafi yana gyara riƙon guduma.

Lit ya ce, "Tsoro kake ji?"

"Ƙwarai kuwa."

"To riƙe da kyau. In na so hannunka, sai an gama aiki."

Duka na farko Gat ya rufe ido. Ƙarfen ya yi ƙara, girgizar ta hau har haƙoransa. Ya juya shi. Na biyu. Ya juya. Zuwa na ashirin ya buɗe ido, don dole ya yarda bai taɓa riƙe wa mai hannu irin wannan ba. Gudumar tana sauka wuri ɗaya kamar an ɗaure ta da zare. Haushi ya kama shi, a ce ɗan Hakka ya fi Sek iya duka. Ba wanda ya yi waƙar aiki. Tsoho Bak mai shayi ya shigo da garewaninsa biyu a sanda, ya tarar da Punti a durƙushe Hakka na duka, ya tsaya baki buɗe, sannan ya ce, "Ashe na mutu ban sani ba."

Shi Bak shekara goma sha biyar ya yi yana riƙon ƙarfe a ramukan zinariya, har jijiyoyin hannunsa suka lalace. Rawa hannuwan suke yi dare da rana. In ya zuba maka shayi rabi a kofi rabi a takalminka, kuma ba ka isa ka yi magana ba.

An gama huda tara, ana kan ukun ƙarshe, aka ga hasken fitila yana tahowa. Jan Gemu ne a gaba. A bayansa Baturen da ke haɗa mai, rungume da gwangwani naɗe da bargo, yana taka ƙasa a hankali kamar mai tsallake masu barci. Ya sami wuri mai laushi ya ajiye, ya juya yana warware igiyar wuta.

Jan Gemu ya hau falalen ya dubi hudojin a jere, ya dubi ƙarafan tsaga, ya gane. Fuskarsa ta koma kalar gemunsa. Amma huda huda ce, ya nuna uku na tsakiya ya ce wa mai mai ya zuba. Gat ya saki ƙarfen da yake riƙe, ya rarrafa ya kifa tafin hannunsa na dama a kan ta tsakiya.

"Cire."

Gat bai cire ba.

Jan Gemu bai tsaya neman ƙota ba. Ya fizgi guduma daga hannun wani, ya ɗaga ta iya ƙugu kawai, ya sake ta. Ƙarar ba ta da yawa. Gat ya ga yatsunsa uku sun baje a kan dutse, fari da ja, kafin zafin ya iso. Da ya iso, ihun da ya yi sai da na can bakin rami suka ji. Ya yi amai a kan gwiwarsa. Amma da Jan Gemu ya sa ƙafa zai ture shi, sai ya tarar ya riga ya kifa hannun hagu a wurin.

Jan Gemu ya sake ɗaga gudumar. Lit ya ɗaga tasa. Jan Gemu ya kai hannu ƙugu inda bindigarsa take, da an ƙara numfashi ɗaya da an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

"Ranka ya daɗe," in ji wata murya daga ƙasa. "Wannan shayin na wane ne?"

Tsoho Bak ne, tsaye, da gwangwanin man nakiya a hannu biyu. Ya yaye bargon. Hannuwan suna aikinsu na kullum, kana jin man yana ɗan motsi a ciki, cakal, cakal. Mai haɗa mai ya waiwaya ya gani, ya bi bango ya zame, da ya ga ya wuce tsohon ya zuba a guje.

Jan Gemu ya ce a hankali, "Ajiye."

"Me ya ce? Kunnena ya tsufa." Bak ya matso taku biyu. "Yara, ku ce masa ya zo ya karɓa, ni nauyi yake min."

Jan Gemu ya sauko daga falalen da baya. Bak ya kauce masa kaɗan, ya bi shi a hankali, shi yana ja da baya tsoho yana binsa, har inda ginshiƙan katako suka matse hanya. Nan Bak ya zauna a tsakiya, ya ɗora gwangwanin a kan gwiwa. "Ni dai na gaji, a nan zan huta. Wanda yake gaggawa ya tsallake ni." Ya waiwayo ya ce wa namu, "Ku kuma ku yi sauri, 'yan banza, fitsari nake ji."

Aka ɗaure wa Gat dantse da igiyar wando, aka naɗe hannun da tsumma. Wani ya zo zai karɓi ƙarfen, ya hana. Ya kama da hagu, ya tokare da dantsen dama, ya ɗaga kai ya dubi Lit. Lit ya rage ƙarfin duka, ya ƙara yawansa. Kowane duka sai Gat ya ji kamar an sake fasa yatsun, hawaye da majina suna zuba, yana juya ƙarfen. Haka aka gama ta goma sha biyu.

Lit da kansa ya jera ƙarafan. A kowace huda ya zura falle biyu sirara, ya soka mai tsini a tsakaninsu. Ya bi su da ƙaramar guduma, duka ɗaya ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya dawo, ya kasa kunne. Muryar ƙarafan tana ta hawa. A zagaye na bakwai aka ji wani ɗan ƙas, siririn layi ya bi jijiyar daga huda zuwa huda. Aka kawo sanduna shida, mutum bibbiyu a kowace, aka danna. Rabin falalen ya ɗaga, aka cusa katako, aka sake dannawa, ya kife gefe.

Mutum biyu ne a ƙasa.

Sek yana can ciki, an gane shi da sandarsa da zoben jan ƙarfe na hannunsa. Ƙafafunsa duka biyu suna ƙarƙashinsa. Ɗayan yana kwance a gicciye a jikinsa, hannun Sek a cikin wuyan rigarsa, ƙafarsa ɗaya miƙe zuwa waje. Ko janyo shi Sek yake yi daga ƙarƙashin rufin, ko shaƙe juna suke dutse ya raba gardama, su biyun kaɗai suka sani. Daga ƙirji zuwa ƙugu dutse ya niƙe su wuri ɗaya, ba ka cewa ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Lit ya tsuguna ya dafa takalmin. Ya ce, "Hin ne. Ni na yi masa facin nan da wayar akwatin albarushi, ranar Lahadi. Kwana biyu ina zaginsa ya gudu ya bar ni."

Gat ya dubi ƙoƙon da ya fashe, da toka, da shinkafar da aka tattake. Kwana biyu yana durƙusa wa ɗan Hakka, yana canza masa shayi, yana kiransa Yaya. Ya so ya ji haushi, ya laluba bai samu ba.

Kafin la'asar an kore su su uku, shi da Lit da Bak. Mai dafa abinci ya kafa hannun Gat a kan katakon yanka nama, ya cire abin da ya rage na yatsu ukun da wuƙarsa, ya ƙone bakin da ƙarfe. A lokacin an riga an koma fasa dutse a rami, ana jin dim ɗinsa a tafin ƙafa.

Washegari da hantsi suka haƙa ƙanƙara tsawon mutum biyu kafin su tarar da ƙasa. An yi ƙoƙarin raba gawar, abin ya faskara, aka naɗe su a bargo ɗaya. Saura bulo. Bak ne ya iya rubutu, amma da hannunsa ba mai karanta abin da zai rubuta, don haka zai riƙa zanawa a kan ƙanƙara da sanda, Lit yana kwaikwaya da ƙusa.

Gat ya ce, "Akwati ɗaya ne, ƙauye ɗaya zai je. Ba zan raba yayana ba, rabi nan rabi can. In faɗa ne mu sake."

Lit ya yi wata dariya marar daɗi. "Can ina? Ƙauyenmu toka ce. Ranar da kuka zo, tulun ƙasusuwan kakana na goya na gudu da shi, a hanya ya fashe. Ba mu da tudu. Ba wanda ya rage da zai share kabari."

Gat yana cikin waɗanda suka riƙe wuta a shekarar, bai san ko ƙauyen ba ne, bai kuma tambaya ba. Can ya ce, "Tudunmu yana kallon kogi. Akwai wuri. Kawu Bak, zana sunan Hin a ƙarƙashin na Yaya."

"Kar ka zana, Kawu," in ji Lit. "Kai ba ka san mutanenku ba? Su ga sunan Chu a jikin bulo, a ranar za su juye akwatin a kogi, da nawa da naka. Suna ɗaya za a sa. Lum Sek."

"To shi fa? Ba mai kiran sunansa har abada."

"Zai ji ana kiran cin abinci, zai zo. Bai taɓa jiran a kira sunansa ba."

Ya sunkuya ya kankara sunan maƙiyinsa da na ƙauyen maƙiyinsa a jikin bulon, layi bayan layi, yana hure garin. Ya ɗora shi a kan bargon da hannunsa. Suka tura ƙasa, Gat da hannu ɗaya. Gat yana tunanin tsohuwa, wadda ba ta taɓa furta kalmar Hakka ba tare da ta tofar da yawu ba, tana hawa tudu da sandarta duk bazara, tana durƙusawa, tana cewa ɗana ga shayinka. Ya san ba zai taɓa gaya mata ba.

Lit ya saɓa ƙunshinsa zai gangara ta gabas. Ya yi taku kaɗan ya tsaya, bai waiwayo ba.

"In ka aika wa tsohuwarku wasiƙa," ya ce, "ka ce ta riƙa cika ƙoƙon sosai. Hin akwai ci."